Jinjina Ga Ma'aikatan Lafiyar Kaya Da Kewaye, Da Sauran Aikin Da Ke Gabansu

Mutum na farko da aka tabbatar cutar korona ta kashe a jihar Katsina likita ne. Dakta Aliyu Yakubu, mai asibitin kuɗi a Daura, ya rasu a farkon watan Afrilun 2020, kuma sai bayan rasuwarsa sakamakon gwaji ya fito. Labarin ya riga cutar isowa Zamfara. Ma'aikatan lafiya na Kaya da Maradun da Bakura da Talata Mafara sun ji shi a rediyo kamar kowa, sai dai su sun san abin da yake nufi fiye da kowa: in har wannan cuta ta kada ƙwararren likita, to mai duba marasa lafiya a ɗakin shan magani na ƙauye ba shi da wani tudun dafawa. Da gari ya waye suka je suka buɗe ƙofofinsu. Wannan buɗe ƙofar ce nake yi wa jinjina.

Abin ya zo da sauri. Ranar 27 ga Fabrairu aka sami mutum na farko a Legas, ranar 11 ga Afrilu aka samu a Kano, kafin watan ya ƙare Zamfara ta sami mutum biyu, daidai kamawar azumi, a tsakiyar zafin bazara. A farkon Mayu Sarkin Ƙaura Namoda, Alhaji Muhammad Ahmad Asha, ya rasu a killace a Gusau yana jiran sakamakon gwaji. A ƙarshen Afrilu ministan lafiya Osagie Ehanire ya ce ma'aikatan lafiya 113 sun kamu a faɗin ƙasa. Zuwa farkon Yuni shugaban hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, Chikwe Ihekweazu, ya ce sun kai 812. A Kano kaɗai, ƙungiyar likitoci ta ba da sanarwar kamuwar likitoci 34 a farkon Mayu, ta kuma yi bayanin da ya kamata a riƙe: da yawansu ba a cibiyar killacewa suka ɗauko cutar ba, a wurin aikinsu na yau da kullum suka ɗauko ta, daga marasa lafiyar da ba wanda ya zarga.

A nan ne nake ganin ba a yi wa mutanenmu na karkara adalci ba wajen rabon yabo. Hoton da ya zauna a idon jama'a shi ne na ma'aikaci cikin farar rigar kariya tun daga kai har ƙafa, da tabarau da takalmin roba, a Legas ko Abuja. Shi ma ya cancanci yabo, ba musu. Amma shi ya san abin da zai shiga ya tarar, kuma an shirya shi. Wanda bai sani ba shi ne mai yankan kati, da malamar awon ciki, da jami'in lafiyar al'umma wanda ya fito daga makarantar koyon aikin lafiya ta Tsafe, wanda duk ƙauye ke kira "likita" don babu wani likitan bayan shi. Korona ba ta zuwa da tambari a goshi. Zazzaɓi, ciwon kai, kasala, tari: waɗannan su ne ƙorafin da ake kawowa kowace safiya tun kafin a san akwai wani gari mai suna Wuhan. A farkon annobar ma babu ɗakin gwajin cutar a Zamfara, sai an ɗauki samfur an kai wata jiha. Ke nan alƙaluman da ministoci ke karantawa na waɗanda gwaji ya kai gare su ne. Ma'aikacin ƙauyen da ya kwanta mako guda da masassara ya tashi, ko bai tashi ba, ba ya cikin lissafi.

Wanda bai taɓa zama a irin wannan asibiti da hantsi ba, ba zai gane kusancin ba. Benci biyu ne ko uku a baranda, mata sun cika su da goyo, wasu sun shimfiɗa tabarma a gindin dalbejiya. Ɗakin dubawa bai fi taku huɗu ba, taga ɗaya, ita ma sau da yawa a rufe saboda ƙura. Uwa ta kwance goyo ta ɗora yaro a cinya, ma'aikaci ya sunkuyo ya kara abin sauraro a ƙirjin yaron, ya ce a buɗe masa baki ya haska maƙogwaro da tocilan. Yaro ya tsandara kuka ya yi tari, fuskar ma'aikacin ba ta kai kamu ɗaya daga tasa ba. A yi haka sau talatin kafin azahar. Ana ta shela a rediyo cewa a ba da tazara, amma ba a duba maƙogwaro daga nesa, ba a sa ƙarin ruwa daga nesa, ba a karɓar haihuwa daga nesa.

Turawa sun auna wannan haɗari da lissafi. Wani bincike da mujallar Lancet Public Health ta buga a Yulin 2020, wanda ya bi mutum sama da miliyan 2 a Ingila da Amurka ta manhajar waya, kusan 100,000 daga cikinsu ma'aikatan lafiya, ya gano cewa ma'aikacin da ke gaba-da-gaba da marasa lafiya ya ninka sauran jama'a fiye da sau uku wajen yiwuwar kamuwa. Haɗarin ya ƙaru ga waɗanda kayan kariya bai ishe su ba, da masu maimaita wanda suka riga suka sa. Wannan fa a ƙasashen da famfo ke zuba dare da rana ke nan. A nan kuwa, takunkumin da aka yi don a sa sau ɗaya a yar, sai ka gan shi rataye a ƙusa bayan ƙofa yana jiran gobe. Ana cewa a wanke hannu da sabulu bayan kowane marar lafiya, alhali akwai ɗakunan shan magani a wannan yanki da ruwansu na jarka ne, kuma ma'aikacin ne kan biya mai kawowa daga aljihunsa. Abin takaici, yankin da madatsar Bakolori ke kwance a cikinsa tun 1978.

Sai kuma bakin mutane. An ce cutar masu kuɗi ce, an ce ta Turawa ce, an ce zazzaɓin cizon sauro ne gwamnati ta sake wa suna don a ci kuɗi. Ma'aikaci ya ɗaura takunkumi, dattijon da ya san shi tun yana rarrafe ya dube shi ya ce, "Haba likita, yau ni kaka ƙyama?" Sai ya yi ta ba da haƙuri: "A'a Baba, ba ƙyama ba ce, don lafiyarka ne da tawa." Da ya koma gida kuma abin ya juye, shi ake gudu, ana jan yara kada su raɓe shi tunda daga asibiti yake. Duk wannan a kan alawus ɗin haɗari na naira 5,000 a wata. Likitoci masu neman ƙwarewa sun shiga yajin aiki ranar 15 ga Yunin 2020 a kan kayan kariya da wannan alawus, gwamnatin tarayya ta biya na musamman na wasu watanni ga ma'aikatan asibitocinta, daga baya a ƙarshen 2021 ta ɗaga shi. To amma ma'aikacin ƙaramar hukuma ba na tarayya ba ne. Balle mai shara da mai wanki da mai gadi da masu aiki ba albashi suna jiran ranar da za a ɗauke su, waɗanda su ne ke kwashe tsumma da kaki da allurai, kuma su ne na ƙarshe da ake tunawa da su ranar rabon safar hannu.

Kada a manta a ina ake wannan aiki. Hanyoyin Maradun da Bakura da Mafara ba hanyoyin da mutum ke bi hankali kwance ba ne a waɗannan shekaru. A Satumbar 2021 aka katse layukan waya a Zamfara baki ɗaya, aka rufe kasuwannin mako saboda yaƙi da 'yan bindiga, a daidai shekarar da amai da gudawa ya yi ɓarna a Arewa, korona kuma ba ta tafi ba. Ma'aikacin da ya ga alamar ɓarkewar cuta ba shi da hanyar sanar da na gaba sai ya hau babur. Akwai waɗanda suka nemi sauyin wurin aiki suka koma Gusau, ban ga laifinsu ba, rai ba ya da na biyu. Amma waɗanda suka zauna, Allah Ya saka musu da alheri, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya.

Yabon gwani ya zama dole, amma da sauran rina a kaba, kuma zan fara da ku, 'yan'uwa ma'aikata, tunda ku na yaba. Ranar 5 ga Mayun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce korona ta daina zama lamarin gaggawa na duniya. A wurare da yawa tun kafin ranar an riga an sallami komai. Bokitin nan mai famfo da aka ajiye a bakin ƙofa ya koma ɗakin ajiya ko gidan wani, takunkumi ya koma aljihu, benci ya sake cakuɗewa. Alhali iskar da ta ɗauko korona ba ta daina aiki ba. Tarin fuka yana nan, ƙyanda na dawowa duk rani, mashaƙo ya ɓarke a Kano tun ƙarshen 2022 ya bazu a Arewa, kuma Zamfara ba ta manta da sanƙarau na 2017 ba, wanda ya kashe sama da mutum 1,000 a ƙasar nan, kuma nan ne ya fi yi wa ɓarna. Wata ɗaya kacal kafin korona ta shigo Nijeriya, a Janairun 2020, zazzaɓin Lassa ya kashe likitoci biyu a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano bayan tiyatar wata mai juna biyu da ba a san tana ɗauke da shi ba. Darasin ɗaya ne da na Daura.

Akwai abubuwan da ba sa jiran kasafin kuɗi. Mai yankan kati ya tambayi kowa ko yana tari, mai tari a zaunar da shi gefe a sarari, a fara duba shi ya tafi, kada ya wuni a tsakiyar masu ciki da jarirai. A buɗe taga ko da ƙura za ta shigo, don ƙura ana sharewa. Safar hannu guda da aka wuni da ita daga wannan marar lafiya zuwa wancan ta fi hannu tsirara da ake wankewa haɗari, domin tana sa mai ita ya saki jiki. Sannan akwai wata jarumta da ya kamata a daina yabawa, wato zuwa aiki da zazzaɓi da tari don kada a ce mutum rago ne. Na san amsar da za a ba ni: in na kwanta wa zai buɗe? Tambaya ce mai nauyi, kuma shugaban sashen lafiya na ƙaramar hukuma ne ya kamata ya amsa ta. Amma ma'aikaci mai tari da ke duba jarirai ya zama shi ne ƙofar cutar.

Batun rigakafi ma sai an faɗi gaskiya. Da allurar AstraZeneca ta iso Abuja ranar 2 ga Maris 2021, kusan miliyan 4, ma'aikatan lafiya aka sa a gaba, kuma likita ne, Dakta Cyprian Ngong, aka fara yi wa a Babban Asibitin Ƙasa ranar 5 ga watan. Duk da haka an sami ma'aikata a ko'ina cikin ƙasar nan da suka noƙe, wasu ma suka riƙa raɗa wa 'yan'uwansu cewa kada su yarda. A gari irin Kaya, inda kowa ya san kowa, abin da "likita" ya faɗa a majalisar bayan la'asar ya fi abin da ministan lafiya ya faɗa a Abuja tasiri. Wanda mutane suka ba wannan amana ba shi da damar tura musu saƙon da bai tantance ba.

Ga hukuma, magana kaɗan ce. A farkon 2024 Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin lafiya, an kuma gyara wasu manyan asibitoci, madalla. Sai dai Zamfara mazaɓu 147 gare ta, kuma annoba ba daga babban asibiti take farawa ba. Rijiyar burtsatse mai aiki, kwalin takunkumi da ke zuwa kowane wata ba sai an ji ɓarkewar cuta ba, horon da zai haɗa har da masu shara, da biyan ma'aikacin da ya kamu da cuta a bakin aiki: waɗannan ba a yanka musu ƙyalle, shi ya sa ake mantawa da su. Ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda ta shigo jihar nan da ƙarfi tun gubar dalma ta 2010 a Anka da Bukkuyum, ta kuma tallafa wa babban asibitin Talata Mafara, baƙuwa ce, kuma baƙo komai daɗewarsa zai tafi. Mu kuma jama'a, hakimai da limamai su taya faɗa mana cewa ɓoye tari ko ɓoye inda aka yi tafiya zalunci ne ga wanda zai sunkuyo ya duba mu.

Akwai aiki ɗaya da na fi so in ga an fara, kuma yana hannun ma'aikatan da ƙungiyoyinsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ma'aikatan lafiya tsakanin 80,000 da 180,000 ne korona ta kashe daga Janairun 2020 zuwa Mayun 2021. Faɗin wannan tazara ya nuna cewa a mafi yawan duniya ba wanda ya zauna ya rubuta. Kowane asibiti yana da rajistar marasa lafiya, da ta rigakafin yara, da ta awon ciki, amma babu ta ma'aikatansa. A samo littafi guda a ajiye a teburin shugaban asibiti. Duk ma'aikacin da ya kwanta ciwo, daga nas har mai gadi, a rubuta rana, da alamomin da ya ji, da irin marar lafiyar da ya duba kafin nan, da ko akwai takunkumi a ranar ko babu. Ƙarshen wata a miƙa wa jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma tare da sauran rahotanni. Da wannan littafin ne shugabannin ƙungiya za su zauna gaban kwamishina a Gusau in ana maganar alawus da kayan aiki, kuma da shi ne za a gane wata sabuwar cuta ta shigo, tunda ma'aikata ne kan fara kwanciya.