Mai Ƙira da Mai Gyara: Shekaru 31 na James Watt

A ramukan haƙar kuza da tagulla na yankin Cornwall, can kudu maso yammacin Ingila, akwai wani ɗan akwati da masu ramukan suka tsana a shekarun 1780. A jikin katafaren katakon injin da ke zuƙo ruwa daga ƙarƙashin ƙasa ake ɗaure shi, kuma kullum a kulle yake. Duk sa'ad da katakon ya yi sama ya dawo, sai haƙoran da ke cikin akwatin su ƙirga ɗaya. Da wannan ƙidaya kamfanin Boulton da Watt na Birmingham yake lissafin abin da zai karɓa, wato kashi ɗaya cikin uku na kuɗin kwal ɗin da injinsa ya rage wa mai rami, in an kwatanta da abin da tsohon inji zai ci a kan aiki iri ɗaya. Cornwall ba ta da kwal nata, ta teku ake kawo mata shi daga Wales da tsada, saboda haka ragin yana da yawa, kason kamfanin ma haka.

Mai rami shi ya biya kuɗin ƙarfe, shi ya gina ɗakin inji, shi yake biyan masu hura wuta. Duk da haka kowace shekara sai ya aika da kuɗi ga wasu mutane biyu da ke zaune nesa, don suna riƙe da wata takarda. Takardar ita ce ta haƙƙin ƙirƙira mai lamba 913, wadda aka ba James Watt ranar 5 ga Janairun 1769.

Watt ya cancanci takardar nan, wannan ba abin jayayya ba ne. Injin da ya tarar shi ne na Thomas Newcomen, wanda aka fara kafawa a 1712. Tururi yakan cika wata babbar silinda, sai a watsa ruwan sanyi a cikinta, tururin ya koma ruwa, cikin silindar ya zama fanko, nauyin iskar waje ya danno fistin ƙasa, katako ya ɗago ruwa daga rami. Aibin shi ne a kowane bugu sai an sanyaya silindar, sannan a sake ɗumama ta, kamar mai tuƙa tuwo ce take kashe wutar murhu da ruwa bayan kowane juyi na muciya, ta koma ta sake hurawa. Watt, wanda a lokacin mai gyaran kayan awo ne a Jami'ar Glasgow, an kawo masa ƙaramin samfurin wannan inji ya gyara. A 1765 ya gano mafita: a bar silindar da zafinta har kullum, a ja tururin zuwa wata tukunya daban mai sanyi, can ya koma ruwa. Injin da aka gina a kan wannan dabara bai cin ko rabin kwal ɗin da na Newcomen yake ci.

Abin lura a nan shi ne Watt kansa mai gyara ne. Kan ƙirar wani ya ɗora tasa. Newcomen ma haka ya yi fama, domin takardar da aka ba Thomas Savery a 1698, wadda majalisa ta tsawaita har zuwa 1733, ta game duk wata hanyar ɗago ruwa da ƙarfin wuta, dole ya yi aiki a ƙarƙashinta ko da yake injinsa ya sha bamban da na Savery. Tarihin injina haka yake tafiya, kowa da kafaɗar da ya taka. Dokar da ta ga mutumin farko kaɗai, ta rufe ido ga na biyu da na uku, ta jahilci yadda ake ƙera inji.

Takardar haƙƙin ƙirƙira ciniki ce tsakanin mutum da al'umma. Dokar Ingila ta 1624, wadda ta soke yawancin ikon kankane kasuwa da sarakuna ke rabawa ga 'yan fadarsu, ta bar ƙofa ɗaya: wanda ya zo da sabuwar ƙira yana iya samun shekaru 14 shi kaɗai. Daga baya aka ɗora sharaɗin cewa sai ya rubuta bayanin ƙirar yadda wani gwani zai iya bi ya yi. Al'umma ta haƙura da gasa na ɗan lokaci, shi kuma ya haƙura da sirrinsa har abada. Cinikin yana da kyau muddin wa'adin gajere ne kuma an san iyakar gonar da aka killace. A kan waɗannan abubuwa biyu ne lamarin Watt ya karkace.

Zuwa 1775 shekaru shida sun wuce, babu inji ko ɗaya da aka sayar. Abokin kasuwancinsa na farko, John Roebuck, ya karye. Maƙeran zamanin sun kasa fafe silindar da za ta rungume fistin ba tare da tururi ya tsere ba, sai da John Wilkinson ya fito da na'urarsa ta fafe ƙarfe, wadda asalinta ta bakin igwa ce. Matthew Boulton, attajirin Birmingham da ya karɓi kason Roebuck, ya ga shekaru takwas da suka rage ba za su mayar masa da jarinsa ba. Aka kai kuka Majalisar Dokokin Birtaniya, ta kuwa ba takardar shekaru 25 daga lokacin, zuwa 1800. Jimilla shekaru 31 ke nan, fiye da ninkin abin da doka ta tanada.

Masu kare wannan ƙari suna da hujja mai nauyi. Injinan farko na kasuwa sun fara aiki a 1776, kuma Boulton ya daɗe yana zuba dukiya kafin riba ta fara shigowa. Mai yiwuwa ne da ba a yi ƙarin ba, da ya janye hannunsa, dabarar ta kwanta a aljihun wani talakan maƙeri. Sai dai ƙarin ya zo ne a kan takardar da tun farko aka rubuta ta da faɗi. Bayanin 1769 ba ya ɗauke da zane ko ɗaya. Ƙa'idoji aka jera, yadda duk wanda ya sanyaya tururi a wajen silinda, ko da wane fasali ya yi, ya shiga gonar Watt. Har da amfani da ƙarfin tururin kansa wajen tura fistin a sake shi cikin iska an ambata, alhali Watt bai taɓa fitar da irin wannan inji kasuwa ba, hasali ma tsoronsa yake ji. Killace gonar da mutum ba zai noma ba, ya kuma hana maƙwabci ya shuka, shi ne ainihin abin zargi.

Ba a jima ba Watt ya ɗanɗana irin abin da ya dafa. Masu masaƙu da masu niƙa suna son injin da zai juya ƙafa, maimakon mai sama da ƙasa kawai. Hanya mafi sauƙi ita ce lanƙwasasshen hannun nan da ke mayar da turi ya zama juyi, irin wanda ke ƙarƙashin keken ɗinki na ƙafa, abin da ɗan Adam ya sani tun ƙarnoni. A 1780 wani mutumin Birmingham, James Pickard, ya riga shi karɓar takarda a kan haɗa wannan hannu da injin tururi. Watt ya fusata ƙwarai. Maimakon ya yi musayar izini da Pickard, sai kamfaninsa ya kewaye da wata dabara ta gurasan ƙarfe biyu masu haƙora, ɗaya yana zagaya ɗaya, wadda ake danganta ta ga ma'aikacinsu William Murdoch, aka yi mata takarda da sunan Watt a 1781. Dabara ce mai ban sha'awa, amma ta fi wuyar ƙira. Bayan wa'adin Pickard ya ƙare a 1794, kamfanin ya koma ga hannun nan mai sauƙi. Shekaru aka yi ana kashe basira wajen kewaye katanga.

Waɗanda suka fi jin jiki su ne injiniyoyin Cornwall. Jonathan Hornblower ya karɓi takarda a 1781 a kan inji mai silinda biyu, inda tururi yake aiki sau biyu kafin a sanyaya shi. Injinsa bai fi na Watt ba a lokacin, domin dabarar tana bukatar tururi mai matsi sosai kafin amfaninta ya fito, amma ita ce daga baya ta zama ginshiƙin injinan jiragen ruwa. Ba shi da yadda zai yi ba tare da tukunyar sanyi ta daban ba, kuma da ya nemi majalisa ta ƙara masa wa'adi a 1792, Boulton da Watt, waɗanda suka ci moriyar irin wannan ƙari, suka tsaya kai da fata har aka hana. Edward Bull ya sake tsarin injin, ya kifa silindar a kan bakin rami ya cire katakon gaba ɗaya, aka maka shi a kotu a 1793. Alƙalai sun rabu biyu a kan ko ana iya mallakar ƙa'ida tsagwaronta. Sai a 1799, a shari'ar Jabez Hornblower da abokinsa Maberly, aka tabbatar da takardar Watt, saura shekara ɗaya ta mutu, kamfanin ya bi masu ramuka ya karɓi bashin da suka ƙi biya. Wani abin dariya shi ne Wilkinson, mai fafe musu silinda, an gano shi ma ya daɗe yana ƙera injinan a ɓoye yana sayarwa.

Masana tattalin arziki sun yi ta muhawara a kan ko takardar ta jinkirta ci gaba. Michele Boldrin da David Levine, a littafinsu na 2008 mai adawa da kankane ilimi, sun ce ta jinkirta shi da shekaru. George Selgin da John Turner sun mayar da martani cewa wasu dalilai ne, ciki har da tsoron haɗarinsa, suka hana tururi mai matsi yaɗuwa. Akwai gaskiya a nan, domin a 1803 tukunyar wani injin Richard Trevithick ta fashe a Greenwich ta kashe mutum huɗu. To amma jerin shekarun yana da abin faɗa. Takardar ta mutu a 1800. A jajibirin Kirsimetin 1801 Trevithick ya tuƙa keken tururi a titin Camborne, a 1804 kuma injinsa ya ja kaya a kan dogo a Penydarren ta Wales. Murdoch ya ƙera ƙaramin samfurin irin wannan keke tun 1784, iyayen gidansa suka sanyaya masa gwiwa.

Abin da ya faru a Cornwall bayan haka ya fi kome ilmantarwa. Da farko aikin injinan ya ja baya, don babu mai sa ido. Sai a 1811 shugabannin ramukan suka ɗora wa Joel Lean aikin fitar da rahoto kowane wata, mai nuna yawan ruwan da kowane inji ya ɗago da mudun kwal ɗaya, da sunan ramin da na injiniyan. Kowa yana ganin na kowa. Wanda ya sake fasalin tukunya, ko ya lulluɓe bututu don zafi kada ya tsere, ko ya gyara lokacin rufe tururi, wata mai zuwa sakamakon yana kan takarda, maƙwabta su kwaikwaya su ƙara nasu. Mutanen yankin, da ɗacin shari'o'in baya a bakinsu, kaɗan ne cikinsu suka nemi takardar mallaka. Cikin shekaru kamar 30 matsakaicin aikin injinan ya ninka fiye da sau biyu, kuma yawancin ƙarin daga ƙananan gyare-gyare ya fito.

Wannan ba hujjar soke takardar haƙƙin ƙirƙira ba ce. Masu ramukan Cornwall suna da dalilin raba ilimi, tun da kuza da tagulla suke sayarwa, ragin kwal kuwa riba ce ga kowa. Injiniyan da ba shi da rami fa? Watt ya rasu a 1819 cikin wadata. Trevithick ya roƙi majalisa ta saka masa bai samu ba, ya rasu a Dartford a 1833 ba shi da kome, aka binne shi a kabarin da ba alama. Tsarin da ya bar mai ƙira da yunwa bai fi wanda ya ɗaure mai gyara adalci ba. Abin da labarin yake nema shi ne wa'adin da ba a ƙara shi don mai takarda yana da abokai a majalisa, iyakar da ta tsaya a kan abin da mutum ya bayyana yadda ake yinsa, da hanyar tilasta izini idan sabuwar ƙira mai muhimmanci ba za ta yi aiki ba sai ta ratsa ta tsohuwa.

Dokokin yau sun ɗauki wasu daga cikin darussan. Yarjejeniyar cinikayya ta duniya ta 1994 ta sa wa'adin ya zama aƙalla shekaru 20, ta kuma yarda da izinin tilas ga ƙirar da ta dogara da wata. Jamus tun 1891, Japan tun 1905, sun buɗe wata ƙaramar takarda mai arha da gajeren wa'adi domin gyaran kayan aiki da bai kai matsayin babbar ƙirƙira ba. Ƙungiyar mallakar fasaha ta Afirka mai hedikwata a Yawunde, wadda Nijar da Chadi da Kamaru suke ciki, tana da irinta mai shekaru 10. Dokar Najeriya ta 1970 ba ta da wannan mataki. Tana ba da shekaru 20, kuma magatakarda yana duba cikar takardu ne kawai, ba ya binciken ko ƙirar sabuwa ce, sai rigima ta tashi Babbar Kotun Tarayya ta warware. Maƙerin Panteka a Kaduna da ya sake jera haƙoran injin ɓarar masara har ya daina fasa ƙwaya yana tsakanin abu biyu ke nan: gyaransa zai yi wuya ya tsaya a kotu a matsayin babbar ƙirƙira, wani kuma mai kuɗin lauya yana iya yin rajistar faffaɗar takarda a kan injin da ya daɗe a kasuwa, ba wanda ya bincika, kuma kafin a soke ta sai an shigar da ƙara.