Martani Ga Masu Cewa Binciken Maganaɗisu Da Lantarki Maras Turjiya Asarar Dukiya Ne

Duk lokacin da aka zo rabon kuɗin bincike, sai wasu masu sharhi su taso wa masanan da ke nazarin kiristal na ƙarafan nan masu wuyar tacewa, irin su erbiyom da gadoliniyom, cikin sanyin da ya kusa kai maƙura. Ba dominsu muke wannan rubutu ba, tun da wanda ya yanke hukunci kafin a zauna shari'a ba ya buƙatar shaida. Mai karatu shi ne alƙali.

Sun ce maganaɗisu da gudun lantarki maras turjiya kishiyoyi ne, ba sa kwana ɗaki ɗaya, don haka neman su a jiki ɗaya ɓata lokaci ne. Ai masanan da suke zagi ne suka fara tabbatar da wannan gaba: a 1958 Bernd Matthias da abokan aikinsa suka nuna cewa gadoliniyom kimanin kashi 1 cikin 100 ya isa ya kashe wannan hali a ƙarfen lantanom. Abin da masu zargin suka ɓoye shi ne abin da ya biyo baya. A 1977 aka gano haɗin erbiyom da rodiyom da boron, wanda turjiyarsa ke ɓacewa a kelbin 8.7 (ma'aunin zafi da ke farawa daga maƙurar sanyi), sannan ta dawo a ƙasa da kelbin 1, da zarar maganaɗisun erbiyom ya fuskanci wuri guda. A 1994 kuma aka samo dangin borokabayid. A haɗin erbiyom, nikel, boron da kabon, turjiya na ɓacewa a wajen kelbin 11, maganaɗisu ya jeru a wajen kelbin 6, kuma lantarkin ya ci gaba da gudu abinsa. Dalilin ba asiri ba ne. Elektiron masu ɗauke da maganaɗisun suna can ƙuryar ƙwayar zarra, da kyar suke taɓa masu ɗaukar lantarki, kuma idan alƙiblar maganaɗisun ta saɓa tsakanin sashe da sashe sai ƙarfinsu ya cinye juna.

Bakin da ya ce abin ba zai yiwu ba, shi ne kuma ya ce tsohon zance ne, wai ka'idar Bardeen da Cooper da Schrieffer ta 1957 kan lantarki maras turjiya ta gama da shi. Su zaɓi ɗaya. A 1979 Frank Steglich ya nuna cewa haɗin seriyom, jan ƙarfe da silikon yana rasa turjiya a ƙasa da kelbin 1, amma idan aka sa lantanom maras maganaɗisu a gurbin seriyom, halin ba ya bayyana. Wato abin da ake kira guba, a nan sai da shi ake rayuwa. Har yau masana na muhawara kan yadda hakan ke faruwa.

Sai batun maguɗi. Suna ɗaga takardar da mujallar Nature ta buga a Maris 2023, mai iƙirarin cewa wani haɗin lutetiyom ya rasa turjiya a zafin ɗaki. Wa ya tona ta? Ba masu sharhi ba. Ɗakunan gwaji ne suka maimaita aikin bai fito ba, aka janye takardar a Nuwamban shekarar.

Na ƙarshe, wai ba a ga amfaninsa ba. A 1987 haɗin itiriyom, bariyom, jan ƙarfe da iskar oksijin ya kai kelbin 93, ya haura 77 na ruwan naitirojin mai araha. Masu bincike suka canza itiriyom da gadoliniyom, mai maganaɗisun nan da ya kashe wannan hali a lantanom, sai ga shi bai rage komai a zo a gani ba. Yau masana'antu na naɗe siraran kaset na wannan dangi a kan faifai suna sayarwa, kuma da irinsu jami'ar MIT da kamfanin Commonwealth Fusion Systems suka haɗa maganaɗisu mai ƙarfin tesla 20 a Satumba 2021.