Filin Direbobi: Dalilin da Ya Sa Ruwan Mota Ke Tafasa

Duk wanda ya bi hanyar Potiskum zuwa Damaturu da tsakar rana cikin watan Afrilu ba zai rasa ganin mota a gefen titi ba, an ɗaga boneti, tururi yana tashi, yaron mota yana gudu da jarka neman rijiya. Potiskum gari ne na manyan motoci. Kowace Laraba, in kasuwar shanu ta ci, tireloli ke ɗaukar dabbobi zuwa Legas da sauran garuruwan Kudu. Motar da ta tsaya da shanu a rana mai zafin digiri 40 ko fiye, asarar ta wuce ta inji kaɗai, gama dabbar da ta galabaita a cunkushe ba lalle ta kai kasuwa da rai ba.

Direbobi sukan ɗora laifin a kan rana. Rana tana da nata rabon, amma ita takan tona asirin cutar da ta riga ta kwanta ne. Injin da ke da lafiya an yi shi ya jure bazara.

Mafi yawan lokaci cutar daga ruwa take farawa. Ruwan rijiya da na burtsatse suna ɗauke da gishirin ƙasa, wanda in ya sha zafi yakan daskare a jikin ƙarfe, kamar farin dattin da akan gani a gindin tsohuwar butar shayi. Bututun da ke cikin lagireto sirara ne ƙwarai, a hankali sai su toshe. Ga kuma tsatsa. Ruwan sanyaya inji mai launi da ake sayarwa a galan an haɗa shi da maganin tsatsa, kuma bai tafasa da wuri kamar ruwa zalla. Mai mota yakan ga tsadarsa, har ranar da makanike zai faɗa masa kuɗin sauke kan inji. Daga waje kuwa ƙurar hunturu da ƙaiƙayi da fari sukan cike saƙar lagireto, iska ta kasa wucewa. Wannan wanki kawai yake bukata, daga baya zuwa gaba, da ruwa marar ƙarfin feshi don kada saƙar ta lanƙwashe.

Sai murfin lagireto, abin da aka fi rainawa. Ruwa a buɗe yana tafasa a digiri 100, amma murfi mai kyau yana riƙe matsin da zai sa ruwan ya kai kusan digiri 120 bai tafasa ba. In robar murfin ta mutu, ko an toshe bakin da tsumma da leda kamar yadda akan gani a tasha, wannan rata ta tafi ke nan.

To, akwai wata al'ada da ta zama ruwan dare a gareji-gareji, watau cire tamostat da zarar an sayo mota, wai don an yi shi ne saboda sanyin Turai. Tamostat ƙofa ce ƙarama wadda ke rufe hanyar lagireto har inji ya ɗumama, sannan ta buɗe wajen digiri 80 zuwa 90. A injuna da dama, sa'ad da ta buɗe wannan hanya tana rufe wata gajeriyar hanya da ruwa ke kewayawa cikin inji. In an cire ta, gajeriyar hanyar ta zauna a buɗe, wani ruwan ya yi ta zagaye bai leƙa lagireto ba. Ashe maganin ya ƙara cutar. Motocin zamani masu kwamfuta kuwa, in suka ji inji bai ɗumama ba sai su riƙa ƙara masa mai, mai mota yana ta mamakin yadda tanki ke zuƙewa. Gaskiya ne tamostat yakan maƙale a rufe ya sa inji zafi nan da nan. Gwajinsa ba wuya: a jefa shi cikin tukunyar ruwan zafi, in bai buɗe baki ba kafin ruwan ya tafasa, a sayo sabo.

Makanike na ƙwarai yakan fara da mai araha. Zai duba ruwa da alamar yoyo a tiyo, ya taɓa fambel ya ji ko ya saki, ya ga ko fanka tana juyawa, ya saurari famfon ruwa. Motar da ke zafi a cunkoso amma ta huce a buɗaɗɗen titi, fanka ake tuhuma. Wadda ke zafi in ta ɗauki lodi ko tana hawa, lagireto ake tuhuma.

In allura ta hau ja a hanya, direba ya sauka daga titi ya kashe inji, ya ɗaga boneti, ya haƙura aƙalla rabin sa'a. Kada ya taɓa murfi, domin ruwan da ke ƙarƙashinsa ya fi tafasasshe zafi, yana iya saɓule fatar fuska. Kada kuma ya kwarara ruwan sanyi a kan inji ko cikinsa. Kan injin yawancin ƙananan motoci na alminiyum ne, sanyin farat ɗaya yakan karkata shi ko ya tsaga shi. Bayan ya huce a ƙara ruwa sannu a hankali.

Kafin a ci gaba da tafiya sai a zaro sandar baƙin mai a duba. In man ya koma kamar shayi da madara, ko salansa tana fitar da farin hayaƙi mai kauri, ko kumfa na ta ɓulɓulowa a bakin lagireto, gasket ɗin kan inji ya ƙone. Motar nan ba ta da sauran tafiya da ƙafarta. Mai shanu ya nemi wata tirela a juye, mota kuma a jawo ta zuwa gareji.