Biyar bisa goma ba ta nuna ko yaro ya iya karatu

Bara, bayan jarrabawar zango na biyu, wani dattijo ya same ni a bakin aji riƙe da takardar sakamakon jikansa. Ya ce, "Mushe, an ce mini yaron nan ya zo na bakwai. Jiya na ba shi takardar asibiti ya karanta mini, ya kasa. To na bakwai a me?" Na buɗe baki zan yi masa bayanin maki, sai na ga ba ni da ta cewa. Yaron yana CE2, shekararsa ta huɗu ke nan a lakwal, makinsa ya haura biyar bisa goma, kuma gaskiyar dattijo ce, bai iya karatu ba. Ni ne na ba shi makin da hannuna.

Duk malamin da ya daɗe yana riƙe alli ya san yadda hakan ke faruwa. Yaro ya haddace darasi tun daga bakin allo, ya samu tara a waƙa, takwas a zane, bakwai a kyan rubutu. Idan aka tara aka raba, waɗannan sun rufa wa karatu da lissafi asiri. Sai mu jera yara daga na ɗaya zuwa na ƙarshe, mu sa hannu, kowa ya tafi hutu. Jerin nan yana nuna wa ya fi wa. Abin da yaro ya kasa, da dalilin kasawar, babu shi a ciki.

Matsalar ba ta Ɗan Gulbi kaɗai ba ce. Binciken PASEC na 2014 ya gano cewa a Nijar, cikin yaran da ke gama firamare, ko ɗaya cikin goma bai kai matakin da ake so a karatu ba. A 2019 abin ya ɗan gyaru zuwa kusan uku cikin goma. Yaran nan duk sun yi shekara shida ana ba su maki. An dawo da jarrabawar CFEPD a 2024 bayan kimanin shekara goma babu ita, kuma ni ina cikin masu murna, domin ta sa iyaye da malaman CM2 sun farka. Amma awon da aka yi a shekara ta shida sanarwa ce kawai. Yaron da ya ɓace tun a CP, wannan awon ba zai dawo da shi ba.

Ku dubi makarantar allo da ke bayan gidajenmu. Almajiri ba ya wanke allonsa sai ya zo gaban malam ya biya shi kaɗai, malam ya ji da kunnensa, ya gyara masa inda harshensa ya karkace. In bai iya ba, babu ƙari. Babu maki, babu na ɗaya da na biyu, amma malam ya san inda kowane yaro ya tsaya. Mu 'yan boko da takardun shaidarmu, wannan sanin ne ya kuɓuce mana.

Alhali kayan aikin yana hannunmu. A makarantar horon malamai an koya mana dabarar La Martinière, wadda ta samo sunanta daga wata makaranta a birnin Liyon na Faransa: ka yi tambaya, yara su rubuta amsa a allunan hannu, ka buga tebur, kowa ya ɗaga nasa lokaci guda. Cikin daƙiƙa goma ka ga aji gaba ɗaya. Mun mayar da ita wasan buɗe darasi, muna cewa "daidai, a goge" ba tare da mun dubi allunan da ba daidai ba. To a can ne labarin yake.

Ga misali. Ka ce su cire 28 daga 62. Amsa 34 ce. Wani ya rubuta 46, wani 44, wani 90. A jarrabawa su ukun sifili za su samu, jan biro ɗaya. Amma na farko yana cire ƙaramin adadi daga babba ne duk inda ya gan shi, 8 a cire 2. Na biyu ya iya aro, ya manta biyan bashi. Na uku tarawa ya yi, wataƙila ma kalmar Faransancin ce bai gane ba. Ciwo uku ne daban, kuma wanda ya ba su magani ɗaya, wato maimaita darasin da ƙarfi, biyu aƙalla ba za su warke ba.

Na ukun nan shi ya fi damuna. Akwai yarinyar da ta yi ta cin sifili a lissafi a wurina, alhali da yamma tana tallan ƙosai, ka ba ta dala ɗari ta ba ka canjinka babu kuskuren ko dala ɗaya. A kanta kuɗi da dala ake ƙirga su, mu kuma muna tambayarta da faran, cikin harshen da ba ta ji a gida. Da na maimaita mata tambayar da Hausa, nan take ta amsa. Tun daga ranar, kafin in yanke cewa yaro bai iya lissafi ba, sai na tambaye shi da harshensa. In ya amsa, aikina a Faransanci yake.

Na san abin da abokan aiki za su ce: yara saba'in da ɗoriya a rumfar kara, wadda ba a ma kafa ta sai an gama girbi, ga manhaja tana kora, yaushe za a saurari kowa? Ni ma ajin da nake da shi ke nan. Yara biyar a rana, minti biyu kowanne, lokacin da sauran ke kwafar darasi. Cikin mako uku ka ji muryar yaro saba'in da biyar. Ka ja layi biyar a bayan littafinka: harafi, gaɓa, kalma, jimla, labari, ka sa sunan kowa inda ya tsaya. Ƙungiyar Pratham ta Indiya a kan irin wannan awo ta gina tsarinta na koyar da yaro daga matakin da yake, kuma a nan gida shirin "École pour tous" da hukumar JICA ta Japan ke tallafawa tun 2004 ya kai ga gwada yara, a faɗa wa taron iyaye sakamakon, sannan gari ya shirya darasin cike giɓi. Abu mai wuya shi ne ka yarda ka bar shafi na arba'in ka koma na goma, ko da mai duba makarantu zai tambaye ka dalili. Ka nuna masa layukan nan biyar.

Ku kuma iyaye, ko ba ku yi boko ba kuna da hanyar awo. Ku daina tsayawa a "na nawa ka zo?" Ku buɗe littafin a shafin da ba a kai ba tukuna, ku ce ya karanta, sannan ya faɗa muku da Hausa abin da ya karanta. Mai hadda a nan yake tsayawa cik.

Jikan dattijon nan, da na zaunar da shi, a layin gaɓa na same shi: ya san haruffa sarai, haɗa su ne ya gagara. Mun yi wata biyu a kan wannan kaɗai, minti goma kafin a tashi. A zango na uku ya sauka zuwa na goma sha biyar, domin na daina barin waƙa da zane su ɗauke shi. Kakan ya sake zuwa da takardar a hannu, na ce ya ajiye ta tukuna, na miƙa wa yaron littafin karatu na ce ya buɗe inda ya ga dama.