RA'AYINMU: Hatsinmu Ya Tafi Birni, Mu Muna Bencin Mai Shayi

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Zariya a lokacin kaka ya yada zango a Kwanar Ɗangora, ko kuma ya miƙa kudu ta Tudun Wada har ya ratsa dajin Falgore, zai ga abu biyu a lokaci guda. Zai ga manyan motoci maƙare da buhunan masara da dawa da shinkafa da waken suya suna ficewa daga wannan yanki. Sannan zai ga direbobin motocin, da 'yan dakon da suka yi lodin, har da manoman da suka noma hatsin, suna zaune a bencin mai shayi, kowa da farin burodi a hannu da kofin shayin da aka antaya wa sukari, ko kwanon indomi da lemon kwalba a gefe. Wannan abu mun saba ganinsa har ya daina ba mu mamaki, alhali kuwa ya kamata a ce ya tayar mana da hankali.

Babu shakka Allah Maɗaukakin Sarki Ya yi wa ƙasar Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa ni'ima mai yawa. Ruwan sama ya fi sauka a nan a kan arewacin Kano. Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin mulkin Audu Bako, ita ce ke shayar da gonakin rani na Kadawa da Kura, kuma masunta na fitar da karfasa da tarwaɗa daga cikinta. Tudun Wada ta yi suna wajen gumin shinkafa da casarta, Doguwa kuma wajen masara. Ga rake, ga ɗorawa da kuka da tsamiya da kaɗanya a gonaki, ga zogale a jikin danga. Mutumin da aka haifa a irin wannan ƙasa bai kamata a ce abincinsa na yau da kullum fulawar alkamar da aka shigo da ita ta teku ce da ruwan sukari ba.

Abin da ya sa muka ga wajibi ne mu yi magana shi ne wurin cin abincin kansa ya canza. A da, magidanci yana karyawa da koko ko ɗumame a gidansa, da dare kuma a fito da akushi ƙofar gida a yi ciyayya da maƙwabta. A yau ɗan acaɓa da ɗan kamasho da mai aikin injin casa da ɗalibi da malamin makaranta, da yawansu sau biyu suke cin abinci a waje kafin su koma gida. Ke nan mai tuwo-tuwo ta bakin tasha da mai shayi na bakin titi su ne suka zama masu girki ga rabin mazajen gari. Abin da suka zuba a tukunya shi ne zai zama jini da tsokar al'umma, ko sun sani ko ba su sani ba. Saboda haka duk wani kira na gyaran abinci da aka taƙaita shi ga matan aure a cikin gida, ya bar rabin aikin a baya.

Bari mu fara da shinkafa, tun da ita ce abin alfaharin Tudun Wada. Ƙwayar hatsi tana da ɓawo na ciki, wato dusa, kuma a jikin wannan dusa ne mafi yawan sinadaran da ke ƙarfafa jijiya da saukaka narkewar abinci suke. Idan aka goge shinkafa har ta yi fari fat, an jefar da su ke nan, an bar gari zalla. Wannan ba sabon ilmi ba ne. A shekarun 1890 wani likita ɗan ƙasar Holan mai suna Eijkman, yana aiki a tsibirin Jawa na Indunusiya, ya lura cewa kajin da ake ba gogaggiyar shinkafa suna kamuwa da wata cuta mai shanye ƙafafu, irin cutar beriberi da ke addabar mutane a can, kuma da zarar an mayar da su kan shinkafar da ba a goge ba sai su warke. Wannan bincike ne ya buɗe ƙofar gano sinadarin bitamin, har aka ba shi kyautar Nobel a 1929. To abin da ya kamata mai karatu ya lura da shi shi ne, aikin da iyayenmu mata suke yi na jiƙa shanshera su turara ta su shanya kafin a kai inji, yana tura wani kaso na waɗannan sinadarai cikin ƙwayar, ta yadda casa ba za ta kwashe su duka ba. Shi ya sa shinkafar gumi take da ɗan duhu. Wannan duhun da wasu ke raina ta dominsa shaida ce ta amfaninta. Amma sai ka ga mutum ya zauna a wurin mai abinci yana tambaya ko akwai 'yar waje, kamar dai farin shinkafa shi ne darajarta. Haka muke yi wa dawa da masara da gero: a surfe su fiye da kima, a kai wa tumaki dusar, mu mu ci abin da ya rage. Tumakin kuwa ga su nan sai sheƙi suke yi.

Sai maganar sukari da gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada gishirin da baligi zai ci a yini ya kai giram 5, wato kimanin ƙaramin cokali guda, kuma kada sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya wuce kimanin giram 50, wajen ƙaramin cokali 12. Babbar robar lemo guda ɗaya tana iya cinye kusan wannan adadi gaba ɗaya. Dunƙulen magi kuwa kusan rabinsa gishiri ne, kuma mun san yadda ake watsa shi a tukunyar sayarwa, a ƙara da farin magi, a sake barbaɗa gishiri, alhali daddawar kalwa da kakanninmu suka yi miya da ita tana nan a kasuwa. Gwamnatin Tarayya ta sanya harajin Naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi a Dokar Kuɗi ta 2021, amma ba mu ga wanda wannan ya hana sha ba. Sakamakon dai ba ɓoyayye ba ne. Hawan jini da ciwon suga, waɗanda a da ake kira ciwon masu kuɗi, yanzu sun shiga gidan manomi. Babu unguwar da ba a san wani da ɓarin jikinsa ya shanye ba, ko wanda danginsa suka sayar da gona domin jigilarsa zuwa wankin ƙoda a Kano.

Akwai kuma abin da ya fi wannan muni, shi ne ha'inci. Ba mu manta da watan Maris na 2021 ba, lokacin da aka kwantar da ɗaruruwan mutane a asibitocin Kano bayan sun sha lemon da aka haɗa da gurɓataccen garin ɗan tsami da garin lemon da wa'adinsa ya wuce, wasu suna fitsarin jini, wasu kuma suka riga mu gidan gaskiya. Ba mu manta ba kuma cewa a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya ƙasashenta saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a jikinsa. Waken da Turawa suka ƙi, wa ya cinye shi? Mu ne, a ƙosai da alale da shinkafa da wake. Haka man suyan da ake maimaitawa kwana da kwanaki har ya koma baƙi. Kowane ɗalibin hadisi ya san ƙissar mai sayar da hatsin da ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasa ya ɗora busasshe a sama, da irin tsawatarwar da Manzon Allah (SAW) ya yi masa, kamar yadda Muslim ya ruwaito. Idan wannan shi ne hukuncin ɓoye danshi, to ina ga wanda ya ɓoye guba?

Sai dai adalci bai yarda mu ɗora wa masu sayar da abinci laifin duka ba. Ɗan kasuwa abin da ake nema yake kasawa. Cutar ta fara ne daga tunaninmu. Mun yarda a zukatanmu cewa dambu da zogale, da faten tsaki da rama, da ɗanwake, da kwaɗon tafasa, da fura da nono, abincin wanda bai samu ba ne, kuma alamar an waye ita ce a gan ka da leda da kwalba. Saurayi zai ji kunyar a gan shi da kwanon fate a tasha, amma ba zai ji kunyar cin bashin indomi da ƙwai ba. A daidai wannan lokaci kuma, a Turai da Amurka ana sayar da garin zogale da garin kuka a cikin ƙananan gwangwanaye da tsada, ana buɗe gidajen abinci na musamman waɗanda abin tallarsu shi ne hatsin da ba a surfe ba da ganye. Abin da suke biyan kuɗi mai yawa su samu, mu akuya ce ke cinye mana shi a bayan gida.

A nan ne maganar kyautata tunani ta shigo, kuma muna so a fahimce mu da kyau. Mun san halin da ake ciki. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 rayuwa ta yi tsanani, har hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024. Ba mu ce kowa ya yi murmushi ya ce babu komai ba, kuma ba mu ce a daina faɗa wa shugabanni gaskiya ba. Abin da muke cewa shi ne, akwai bambanci tsakanin mai neman mafita da wanda ya mayar da ƙorafi abincinsa. Ku saurari hirar da ake yi a bencin mai shayi daga asuba zuwa hantsi: ƙasa ta lalace, wane ya ci amana, wane asiri ya yi ya samu, mu kam tamu ta ƙare. Mutum zai tashi daga wannan majalisa cikinsa cike da sukari, ƙirjinsa cike da ƙunci, ya je gida ya kasa barci. Likitoci sun tabbatar cewa doguwar damuwa da ƙarancin barci suna taimaka wa hawan jini. Wadar zuci da kyautata zato ga Allah da ga bayinSa, da gode wa ɗan abin da ke hannu, suna sauke wa zuciya nauyi, kuma wanda zuciyarsa ta natsu shi ne ke iya tsayawa ya yi lissafi ya ga cewa kuɗin lemo ɗaya da burodi zai saya masa dambu ko ɗanwaken da zai riƙe shi har la'asar. Koyarwar raba ciki uku, kason abinci da na ruwa da na numfashi, wadda Tirmizi ya ruwaito, wanda ke cin abinci cikin fushi da gaggawa ba zai iya aiki da ita ba.

Amma muna gargaɗi da babbar murya: kyakkyawan zato ba ya maye gurbin magani. Muna jin masu cewa su ba za su je a auna su ba, domin wai wanda ya je nema shi ke samu. Wannan jahilci ne aka yi masa rawani da sunan tawakkali. Hawan jini yakan shekara da shekaru a jikin mutum ba tare da ko ciwon kai ba, sai ranar da zai kayar da shi. Awonsa ba ya ɗaukar minti biyar, a babban asibitin Tudun Wada ko a ƙaramin asibitin da ya fi kusa. Wanda kuma aka riga aka ɗora shi a kan magani, kada wani mai tallar gargajiya a bayan mota ya ruɗe shi ya ajiye, kada kuma ya ce zogale ya isar masa.

Saboda haka muna kira ga 'yan'uwanmu mata masu sana'ar abinci a tashoshi da kasuwannin wannan yanki, su dawo da dambu da fate da tuwon dawa kan teburinsu tare da shinkafar gida, su rage dunƙule su ƙara daddawa da ganye, su zubar da man da ya ƙone ko da suna ganin asara ce. Masu shayi su bar mai saye ya faɗi adadin sukarin da yake so, maimakon a cika masa tun kafin ya buɗe baki, su kuma ajiye kunun gyaɗa ko na tsamiya ga mai bukata. Limamai da malaman Islamiyya su sanya wannan a cikin huɗuba da karatu, domin amanar abinci babi ne na fiƙihun ciniki, kuma masu sayar da hatsi da wake suna cikin sahun da ke bayansu. Masu hali daga cikin 'yan kasuwar shinkafa su taimaka wa mata masu gumi da tukwane masu kyau da wurin shanya mai tsabta, domin tsakuwa da ƙasa su ne babbar hujjar masu gudun shinkafar gida, kuma hujja ce da ba za mu musa ba.

Ga shugabannin ƙananan hukumomin Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa kuwa, muna tambaya: ina duba-gari? Dattawanmu suna tuna lokacin da jin an ce ga duba-gari nan ya isa ya sa a rufe kowace randa a wanke kowane kwano. Ma'aikatan lafiyar muhalli suna nan a ƙananan hukumomi, ana biyansu albashi. A fito da su ranakun kasuwa su duba ruwan da ake wanke kwanuka da shi, da garin da ake haɗa lemo da zoɓo, da rumbunan da ake ajiye wake, kuma a haɗa su da ma'aikacin asibiti guda ɗaya da abin awon jini, ya zauna kusa da rumfar masu abinci ya auna duk wanda ya zo wucewa.