Hannu Ɗaya Ba Ya Ɗaukar Jinka: Ina Hannun Hagun Mai Fiyano?

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu, yau ƙara na kawo gabanku, kuma wanda nake ƙara shi ne mai kiɗan fiyano na ƙasar Gobir. Ba wai don ya ɗauki kayan kiɗan baƙi ba, a'a, don ya sallama wa inji aikin da ya kamata hannunsa na hagu ya yi.

A wani hutu na halarci biki a Sabon Birni. Mawaƙi yaro ne mai murya, ga mai fiyanonsa a gefe. Da ya zo kan kirarin uban ango sai ya so ya ja magana, ya ɗan tsaya jama'a su sha daɗinta. Ina! Kiɗa bai jira shi ba. Tilas ya haɗiye rabin kirarin ya bi inji a guje. Wani dattijo kusa da ni ya girgiza kai ya ce, "Yaro, wanga kiɗi ba shi jin magana." Na ce, "Baba, ai ba mutum ke yin sa ba." Da na duba hannun hagun makaɗin, sai na ga yatsa guda ya aza, yana ta hira da abokinsa.

Bari in yi wa wanda bai sani ba bayani. A kowane kiɗa akwai sautin nan mai kauri na ƙasa wanda sauran sautuka ke hawa kansa, shi ne makaɗan zamani ke kira bes. Mai fiyano yana da hanya uku ta fitar da shi. Ta farko, ya raba allon biyu, hannun dama ya ɗauki karin waƙa, na hagu ya riƙa kaɗa bes ɗin da kansa. Ta biyu, ya shirya shi tun a situdiyo cikin kwamfuta, ya zo fili ya kunna. Ta uku, ya danna maɓallin rakiya irin wanda ke jikin fiyanon Yamaha, inji ya riƙa zuba ganga da bes ɗin da aka ɗura masa tun daga masana'anta, shi kuwa nasa kawai ya taɓa wuri ɗaya in yana son sauyi. Ta farko ita ce sana'a. Ta biyu a ɗakin ɗaukar waƙa take da hujja. Ta uku kuwa, wadda ta cika bukukuwanmu, lalaci ce aka sa mata riga.

Me ya sa abin ya dame ni? Domin Hausa harshe ne mai karin sauti. Kuka ta miya da kuka na hawaye, hawa da saukar murya ne kaɗai ya raba su. Kakanninmu sun san haka, shi ya sa suka riƙi kotso da kalangu, waɗanda ake matse tsarkiyarsu sauti ya hau, a sassauta ya sauka, har ganga ta faɗi abin da baki ya faɗa. A nan Isa Ibrahim Narambaɗa, mutumin Tubali, ya yi zamaninsa a fadar Sarkin Gobir Amadu har ya rasu a farkon shekarun 1960, kuma da kotso ya yi Bakandamiya. Kowa ya saurari faifansa zai ji yadda makaɗa da 'yan amshi ke sauraron bakin ubangidansu: ya ja su ja, ya tsaya su riƙe masa wuri. To, shin injin da aka tsara a kan ma'aunin kiɗan Turawa ya taɓa jin Gobiranci, balle ya san inda kirari ke numfashi?

Na san za a ce mini in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya, tun da fiyano ya mamaye waƙoƙin finafinan Kano a ƙarshen shekarun 1990 babu mai mai da shi baya. Na yarda. Amma masu abin ma ba haka suka yi da shi ba. A Amurka, Jimmy Smith ya shahara tun shekarun 1950 da kaɗa bes da hannun hagu a kan Hammond, yana taimakawa da ƙafa. Ƙungiyar The Doors, wadda aka kafa a 1965, ba ta da mai gitar bes a dandali. Ray Manzarek ne ke yin sa da hagu a kan wani ƙaramin allo, dama tana wani aikin. Ashe ba kayan ne da laifi ba.

Za a kuma ce talauci ne, mai biki ba ya iya sallamar makaɗa biyar, ga rashin tsaron da ya kori dubban mutanen wannan yanki zuwa jihar Maraɗi tun 2019. Wannan gaskiya ce mai ɗaci, amma hujjata take ƙarfafawa. In har mutum ɗaya ne zai tsaya a madadin ƙungiya guda, to wajibi ne hannuwansa biyu su yi aiki. Kuma in tsofaffin makaɗa sun watse, yaran da ke tasowa ba su da abin ji sai na inji, shi za su ɗauka kiɗan Gobir ne.

Saboda haka ga kirana. Mai fiyano, kashe maɓallin nan, ka nemi tsohon makaɗin kotso ka durƙusa gabansa, ka koya wa hagunka abin da hannunsa ya sani. Mawaƙi, kada ka yarda da makaɗin da ba ya jiran ka. Mu kuma 'yan Ƙungiyar Hausa, maimakon mu riƙa rubuta baitocin Narambaɗa a takarda kawai kamar ba a kan kiɗa aka rera su ba, mu ɗauki na'ura mu je mu naɗo hannun makaɗan da suka rage tun suna raye.

An hana mu cin tuwo da hagu, amma ban taɓa jin wanda ya hana a yi kiɗa da ita ba. Allah ya sa a ji, a kuma gyara.