Maganin Gida Daga Bayan Ɗaki Ya Ke Farawa

Damina ta kama, kowa ya duƙufa ga gero da gyaɗa, an manta da ɗan filin bayan ɗaki. Ran da ciwo ya zo, sai maigida ya ba da kuɗinsa ga mai tallan garin magani, wanda ba a san abin da aka daka a ciki ba.

Wannan kuskure ne. Reshen zogale in an kafa shi yanzu, kafin kaka ya ba da ganye. Abin da ba ya fita a gida, kamar cittar Kaciya da kanumfari, a saye shi ɗungum, a daka da hannu. Citta ta kan kwantar da tashin zuciya, kanumfari ya rage zogin haƙori, tsamiya da filasko su saki ciki in ya ɗaure. Amma mai juna biyu ta guji filasko. Ganye kuwa a inuwa a ke shanya shi, sa'an nan a rufe cikin kwalba don kada ya yi fumfuna.

Sai dai kowane magani da iyakarsa. Yaron da jikinsa ya yi zafi, ko gudawa ta ƙi tsaya masa, a kai shi asibiti ran nan. Zazzaɓin cizon sauro ba ya jiran jiƙo ya tsumu.